Daga Gimbana Zuwa Kware: Tambayar Adalci Cikin Yaƙin Jihadi

Duk wanda ya zauna ajin tarihi a ƙasar nan ya haddace shekarar 1804, ya san Tabkin Kwatto, ya kuma san faɗuwar Alƙalawa a 1808. Abin da ba a cika karantar da mu ba shi ne muhawarar da ta gudana a bayan dawaki da tutoci, tsakanin malaman da suka jagoranci yaƙin su da kansu, da kuma tsakaninsu da waɗanda suka yaƙa. Tambayar da suka yi ta kokawa da ita guda ce: idan dalilin da ya sa mutum ya zare takobi gaskiya ne, shin duk abin da takobin ya sara bayan nan ya halatta? Wannan tambaya nake so mu bi sawunta, ya 'yan'uwa marubuta, daga wani gari da ake kira Gimbana zuwa wani da ake kira Kware.

Malam Abdussalami Ba'are ne, kuma almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Da matsin sarakunan Gobir ya tsananta a kan jama'ar Shehu, sai ya kwashe mutanensa ya koma Gimbana a ƙasar Kabi. A ƙarshen 1803 Sarkin Gobir Yunfa ya tura runduna ta ci garin, aka kashe na kashewa, aka ɗaure sauran a matsayin bayi. Hanyar komawar rundunar ta biyo ta kusa da Ɗegel inda Shehu yake zaune, jama'a kuwa suka kasa jure ganin 'yan'uwansu a ɗaure, suka fita suka kwance su. Wannan ne ya tsinke igiyar da ta rage tsakanin Shehu da Yunfa. A watan Fabrairu na 1804 aka yi hijira zuwa Gudu, a watan Yuni aka gwabza a Tabkin Kwatto. Ashe ke nan tartsatsin da ya kunna wutar batun 'yanci ne: an mai da 'ya'ya bayi.

Shugabannin jama'a ba su ɓoye abin da suke tuhumar sarakunan Hausa da shi ba. Littafin Kitabul Farƙi ya jera su: jangali, kuɗin gari, gaisuwar da ake kai wa mai mulki kafin ya saurari talaka, ƙwace kayan mutane a kasuwa, da tilasta wa talakawa fita yaƙi, wanda ya ƙi a ci shi tara. A Wasiƙatu Ahlis Sudan kuma Shehu ya bayyana haramcin bautar da ɗa Musulmi ko ina yake zaune. Ba shi ne farau ba. Tun wajen 1615 Ahmad Baba na Tambutu ya yi fatawa a Mi'irajus Su'ud cewa launin fata ba ya halatta bauta, ya kuma lissafa Barno da Kano da Katsina cikin ƙasashen Musulmi waɗanda ba a bautar da mutanensu. To, a nan ne gizo yake saƙa. Tun da a fiƙihun zamanin Musuluncin mutum ne katangar da ke kare shi daga bauta, duk malamin da ya yanke hukuncin cewa wani gari ya kafirta, ya yanke hukunci ne a kan wuyan mata da yaran garin. Gardamar tauhidi a wancan lokaci gardamar igiya da mari ce.

Dokokin yaƙi kuwa a rubuce suke. Littafin Bayanu Wujubil Hijra da Shehu ya kammala a 1806 ya yi bayanin kira kafin faɗa, da waɗanda ba a kashewa, da rabon ganima, da cika alkawarin amana. Amma littafi daban, cikin mayaƙi mai jin yunwa daban. Shekarun farko na jihadi shekarun yunwa ne da annoba, ga kuma asarar da aka yi a Tsuntsuwa a ƙarshen 1804, inda malamai da mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka kwanta dama. A 1805, a kan hanyar zuwa Alwasa, rundunar jama'a ta afka wa garin Kwalde wanda ba ya gaba da ita, ta washe shi, duk da hanin Abdullahi ɗan Fodiyo da Muhammadu Bello. Da aka isa Alwasa aka sha kashi mai tsanani.

Irin wannan ne ya ci gaba da cin ran Malam Abdullahi, har a 1807 ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. A Tazyinul Waraƙati ya faɗi dalilinsa: nagartattun abokansa sun ƙare a fagen fama, waɗanda suka rage kuwa da yawansu hankalinsu ya koma kan sarauta da tara dukiya da ƙwaraƙwarai. Mutanen Kano suka tsai da shi, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki bisa shari'a, sannan ya koma gida. A lura, mai wannan suka shi ne ƙanen Shehu kuma kwamandan Tabkin Kwatto. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Suka mafi kaifi daga Barno ta fito. A 1808 masu tutar jihadi suka ci Birnin Gazargamu, fadar daular da sarakunanta suka shafe ƙarnuka da dama cikin Musulunci. Mai na Barno ya nemi taimakon wani malami, Muhammadul Amin Alkanemi, wanda aka fi sani da Shehu Laminu. Ya taimaka aka ƙwato birnin, sannan ya ɗauki alƙalami ya tambayi shugabannin jihadi hujjar yaƙar Barno da bautar da 'ya'yanta. Ya ce mutanensa suna salla, suna azumi, suna zakka, suna gina masallatai. Bai musanta cewa akwai cin hanci da cin dukiyar marayu da fitar mata ba lulluɓi da wasu al'adu na jahilci ba, amma ya ce waɗannan saɓo ne, saɓo kuwa ba ya fitar da mutum daga addini, kuma babu ƙasar da ta kuɓuta daga irinsu, har Masar da Sham. Maganin jahili a karantar da shi. Ya ƙara da zargin wasu masu tuta da karya alkawari da son mulki.

Bello ya amsa, amsarsa kuma ba ta wasa ba ce. Ya ce jama'a ba ta fara yaƙi ba, kare kanta ta yi daga waɗanda suka kore ta daga gidajenta. Ya ce Mai na Barno ya goyi bayan sarakunan Hausa a kan jama'a, wanda kuwa ya taimaki masu yaƙar Musulmi hukuncinsu ya hau kansa. Ya kuma kawo labarin yanke-yanken da ake yi wa duwatsu da itatuwa. Mai karatu zai ga ƙarfin hujjar kare kai a Gobir, zai kuma ga yadda take raguwa yayin da dawaki suka yi nisa da Gobir, domin kuwa laifin sarki ne ake ɗora wa talakan da ba a yi shawara da shi ba. Alƙalami bai raba gardamar ba. A wajen 1826 zuwa 1827 Alkanemi ya kawo yaƙi har ƙasar Kano, Sarkin Bauchi Yakubu ya tare shi, daga bisani kowa ya tsaya a iyakarsa. Shi da Bello duka a 1837 suka rasu.

Yanzu mu koma ga mutumin Gimbana. Bayan nasara Abdussalami ya zauna a Kware, arewa da Sakkwato, yana ganin an tauye shi a rabon ƙasa, yana kuma kukan zalunci ya yi yawa cikin jama'a. Da Shehu ya rasu a 1817 sai saɓaninsa da Bello ya fito fili. Suka yi musayar wasiƙu, Bello ya tuhume shi da haɗa kai da abokan gaba, ya yanke masa hukuncin ridda. A farkon 1818 aka ci Kware, Abdussalami ya fita da rauni ya rasu a Bakura. Mutumin da kamun jama'arsa ya zama sanadin hijira, shi ne aka ci garinsa shekara 14 bayan haka, a ƙarƙashin tutar da ya taya ɗagawa. Kowane ɓangare mutum ya ba gaskiya, wannan abin tsayawa ne a yi tunani.

Daular da ta tsiro ta kawo ilimi da alƙalai da tsaron hanyoyin fatauci, wannan ba abin musu ba ne. Amma 'yancin da aka yi yaƙi dominsa bai game kowa ba. Hare-hare a kan ƙabilun da ba Musulmi ba suka cika rumada da gandaye, har masana tarihi suna ƙiyasta bayin daular a ƙarshen ƙarni na 19 tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2 da rabi. Da Turawan Ingila suka zo, da wannan suka fake: Lugga ya ci Kano da Sakkwato a 1903 da sunan hana cinikin bayi. Shekara 3 kacal bayan haka, a 1906, sojojinsa suka shafe ƙauyen Satiru, inda talakawa da bayin da suka gudo suka taru, aka kashe kimanin mutum 2,000. Ita kanta bautar ba a soke ta gaba ɗaya a dokar Arewa ba sai 1936. Mai bindiga ma da sunan 'yanci ya shigo.

Wani abu guda ya kamata marubuci ya riƙe. Mun san hujjojin Alkanemi ne saboda Bello ya kwafe wasiƙunsa cikin Infaƙul Maisuri a 1812, mun kuma san kukan Abdussalami saboda Bello ya adana shi cikin Sardul Kalami. Mai nasara ne ya ajiye mana muryar wanda ya ja da shi, alhali yana da ikon binne ta. Idan mun zo rubuta labari ko wasan kwaikwayo ko waƙa a kan wannan zamani, kirarin jarumai kaɗai bai isa ba. A bar matar Kwalde ta yi magana, a bar malamin Gazargamu ya yi tambayarsa, a kuma bar Bello ya kare kansa da cikakkiyar hujjarsa. Magabatan ba su ji tsoron wannan muhawara ba, bai kamata jikokinsu su ji ba. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya, Ya ba mu ikon faɗin gaskiya.