Yumɓu, Wuta da Kasuwa: Nazari kan Farfaɗo da Ginin Tukwane a Agiye, Gazawa da Gidan Rumji

Duk lokacin da aka ta da zancen farfaɗo da ginin tukwane a jahar Maraɗi, horo ake fara ambata: a tara mata da matasa a koya musu. Amma hannun da ya iya gini yana nan a ƙauyukan Agiye, Gazawa da Gidan Rumji. Abin da ya yi wa maginiya wuya a yau shi ne samun yumɓu, da abin toyi, da isar da kaya kasuwa ba tare da sun fashe ba.

Mu fara da ƙasar kanta. Mafi yawan gonakin waɗannan gundumomi jigawa ce, rairayi zalla. Yumɓu mai kyau sai a bakin tafki ko a kwarin gulbi: Gulbin Kaba da ya shigo ta wajen Gazawa, da Gulbin Maraɗi da ya ratsa ta Tsibiri zuwa Gidan Rumji. Ƙidayar 2012 ta nuna jahar Maraɗi ta haura mutum miliyan 3 da dubu 400, kuma fadama ita ce wurin da kowa ke so: mai lambu, mai yin bulo, makiyayi. Matar da kakarta ta ɗebi yumɓu a wani rami ba tare da neman izini ba, yau tana iya tarar da shi cikin shingen wani. Dokar karkara ta Nijar ta tanadi kwamitocin filaye har zuwa matakin gari, kuma ta hannunsu, tare da mai gari da ofishin magajin gari, za a iya keɓe ramin yumɓu a rubuce kamar yadda ake keɓe burtali. Shirin da ya tsallake wannan mataki ba zai yi ƙarko ba.

Sai wuta. Maginiya na jiƙa yumɓu, ta tsince tsakuwa, ta haɗa shi da dakakken tsingaro ko ƙaiƙayi don kada ya tsage. Ta gina, ta shanya a inuwa, sannan ranar toyi ta jera tukwanen a fili, ta lulluɓe su da kara da busasshen kashin shanu. Wuta ce mai tashi da sauri, kuma in iska ta juya a lokacin, aikin mako guda na iya tafiya. To, karan nan yanzu abincin dabbobi ne da ake saye da kuɗi, kashin shanun kuma taki ne da manomi ba ya sakin sa. Agiye tana da abin da za ta dogara da shi a nan, domin sassaben zamani da ya yi ƙarfi a garuruwa irin su Ɗan Saga ya dawo da itatuwa cikin gonaki, ana samun ƙirare daga aske rassa. Duk da haka, hanya mafi sauƙi ita ce mata su haɗa toyi wuri ɗaya, su raba kuɗin makamashi.

A kasuwa dole a faɗi gaskiya. Tukunyar dalma ta karɓe girki, jarka ta kori tulu daga hanyar rijiya, kuma tukunyar ƙasa da tulu ba za su dawo ba, don mace mai ɗaukar ruwa ta san bambancin nauyinsu. Abin da roba ta kasa yi shi ne sanyaya ruwa. Jikin randa na tsattsafo, iska ta busar da shi, ruwan ciki ya yi sanyi ko a tsakiyar bazara, ba tare da lantarki ba. A kan wannan hikima Mohammed Bah Abba na Jigawa ya gina dabararsa ta tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ke adana tumatir da ganye, har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. Ga kuma tandar masa da kaskon turaren wuta, waɗanda ba su taɓa rasa masu saye ba. Nan ya kamata a zuba ƙarfi. Kayan ado na kai wa baje kolin SAFEM a Yamai suna da amfaninsu, sai dai cinikin da ke ciyar da gida shi ne na kasuwar mako.

Tarihin maginiya Ladi Kwali ya dace a duba shi da idon basira. Ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta Michael Cardew a Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, ta yi suna a duniya har hotonta ya hau takardar naira 20. Amma tukunyar da aka shafe da ƙyalli aka gasa da wuta mai tsanani ba ta tsattsafo, saboda haka ba ta sanyaya ruwa. Wanda ya kawo wa matan Gazawa irin wannan fasaha ya sani cewa wata kasuwa dabam yake nema musu. Miriya da Bubon, inda ginin tukwane ya tsaya da ƙafarsa a Nijar, sun riƙe ƙimarsu ne da kayan amfanin gida.

Ta fuskar haɗin kai, ba a buƙatar ƙirƙiro sabon abu. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da CARE ta faro a wannan jaha a 1991, sun riga sun koya wa mata zubi da bashi a tsakaninsu, kuma asusunsu zai iya sayen kara tun lokacin kaka yana araha. Samari kuwa ga haƙar yumɓu, ga amalanke, ga jigila a babban titin da ya haɗa Gidan Rumji da Maraɗi da Cadawa da Agiye da Gazawa, ga wayar karɓar saƙon masu saye. Abin da nake tsoro shi ne wanda aka sha gani a wasu sana'o'in mata: da zarar kuɗi ya shigo, mai jigila ya zama shi ke yanka farashi, maginiya ta koma 'yar ƙwadago. Don haka tun ranar farko a rubuta cewa ladan kai kaya ake biyan saurayi, farashin randa kuma ƙungiyar mata ce ke sa shi.