Kiɗan iyaye a bakin 'ya'yan Houston

A ƙarshen shekarun 1980, idan aka ce waƙar rap a Amurka, New York ake nufi, sai kuma Los Angeles. Mawaƙan Kudu kuwa kallon ƙauyawa ake yi musu. Cikin wannan raini James Prince ya kafa kamfanin Rap-A-Lot a Houston da ke Kudu, ya haɗa ƙungiyar Geto Boys.

A 1991 suka fitar da kundin We Can't Be Stopped, mai ɗauke da "Mind Playing Tricks on Me". Jitar da waƙar ke tafiya a kanta tsohuwa ce. An yanko ta daga "Hung Up on My Baby", kiɗan da Isaac Hayes ya yi wa wani fim a 1974. Haka sana'ar take a lokacin: mai haɗa kiɗa ya ɗora tsohon faifai, ya kama 'yan daƙiƙu cikin na'ura, ya sa su riƙa maimaituwa, sannan ya bi su da ganga. Na'urar SP-1200, wadda ake ji da ita, kimanin daƙiƙa 10 kawai take riƙewa, don haka sai mai kunne ke iya aikin.

Abin da ya fi kama ni shi ne asalin Hayes. Mutumin Tennessee ne, shi ma ɗan Kudu, a kamfanin Stax na Memphis ya yi suna. Ke nan samarin Houston ba su je aro nesa ba, kiɗan da iyayensu ke kunnawa a gida suka ɗauko. A kan wannan jita mai taushi mawaƙan Geto Boys, Scarface da Willie D da Bushwick Bill, suka ba da labarin tsoro da rashin barci da ganin maƙiyin da babu shi, a zamanin da kowa ke waƙar jarumtaka. Har yau ban ji waƙar rap da ta fi ta faɗin gaskiya ba.

A Disamba na 1991 wata kotu a New York ta samu mawaƙin rap Biz Markie da laifin yanko kiɗan Gilbert O'Sullivan ba izini. Daga nan aro ya koma sai da takarda da kuɗi. 'Yan Kudu suka nemi makaɗan da kansu: Pimp C na ƙungiyar UGK ya gayyato Leo Nocentelli na ƙungiyar The Meters ya kaɗa jita a kundin Super Tight na 1994.

Mai karatu, ka fara sauraron Hayes tukuna, sannan ka kunna ta Geto Boys.