Kare kai da bindiga: shawarar jami'in da ya ɗauki waya tana da nauyi a kotu?

A Nijar, wanda ɓarayi suka tasar wa yana kiran lamba 17 ta ƴan sanda. Galibi jami'in da ya ɗauki wayar zai ce a rufe ƙofa, kada a fita, a jira. To, idan mai gida a unguwar Zariya ta Maraɗi ya ƙi ji, ya fito da bindiga ya harbe mutum, wannan ƙin ji zai rusa masa hujjar kare kai?

Shawarar ba doka ba ce, kuma saɓa mata kaɗai ba ya mai da harbi kisan kai. Amma tana iya zama shaida, domin tana nuna cewa mutum yana da wata mafita ya bar ta.

A Amurka aka fi gwada wannan batu, saboda can ana naɗar irin waɗannan kiraye-kiraye. Ranar 26 ga Fabrairu 2012, a garin Sanford na jihar Fulorida, George Zimmerman ya kira ƴan sanda kan wani matashi da yake zargi, Trayvon Martin, ɗan shekara 17, wanda ba ya ɗauke da makami. Da jami'in ya gane yana bin yaron, sai ya ce masa ba sa bukatar ya yi hakan. Mintoci kaɗan bayan haka Zimmerman ya harbe shi. A kotu jami'in ya bayyana cewa su shawara suke bayarwa, ba umarni ba. Aka wanke Zimmerman a watan Yulin 2013, bayan ya kafa hujja da cewa yaron ne ya kayar da shi yana dukansa.

Na jihar Tekzas ma ya fi wannan ban mamaki. A 2007 an yi ta gaya wa Joe Horn ta waya kada ya fita. Ya fita ya kashe mutum biyu da suka fasa gidan maƙwabcinsa, kuma ba a gurfanar da shi ba. A jihar Jojiya kuwa, Hannah Payne ta bi wani direba da ya bar wurin hatsarin mota a 2019, duk da an ce ta daina, ta tare shi ta harbe shi. A 2023 aka yanke mata ɗaurin rai da rai. Gargaɗin iri ɗaya ne, hukunci ya bambanta, domin abin da ya faru a daidai lokacin harbin aka fi dubawa.

Dokar hukunta laifuka ta Nijar ta 1961, wadda ta samo asali daga ta Faransa, ta ɗora kare kai a kan larurar da ke gaban mutum nan take, ko don kansa ko don wani. Ta ambaci halaye biyu musamman: korar wanda ke haura katanga ko fasa ƙofar gida da dare, da kare kai daga ƴan fashi masu amfani da ƙarfi. Sannan martani ya dace da girman barazanar. Saboda haka wanda aka haura wa gida da dare yana da ƙaƙƙarfar hujja, ko me aka ce masa a waya. Wanda ya bi ɓarawon da ya riga ya juya baya har bakin titi kuwa, hatsarin ya wuce, kuma a nan ne kalmar "jira" da ya ji za ta tsaya masa a wuya.

Ga mutanen Tibiri, Jiratawa da ƙauyukan kewaye, inda jandarma ke iya ɗaukar lokaci kafin su iso, nisan agaji abu ne da mai kare kansa zai iya kawowa gaban alƙali. Sai dai mallakar bindiga ba tare da izinin hukuma ba laifi ne mai zaman kansa, ko da an yarda cewa harbin kare kai ne.