Ɓera da Ruwa a Ƙarƙashin Tirela

Duk wanda ya daɗe yana kwanciya rigingine ƙarƙashin tirelolin nan na kwana, waɗanda mutanen Amurka ke ɗora wuyansu a bayan a-kori-kura su ja su zuwa wuraren hutu, ya san cewa abokan gābar sana'armu biyu ne, ɓera da ruwa, kuma babbar mas'alar da ta gaji magabatanmu, ta iso gare mu, ita ce maganin ɗayansu sau da yawa shi ke zama mafakar ɗayan.

A ƙarshen shekarun 1920, sa'ad da Glenn Curtiss, maƙerin jiragen sama, ya fito da Aerocar wadda ake ɗaura wuyanta bisa bayan mota, da kuma shekarun 1930, lokacin da irin su Wilbur Schult suka soma mai da garin Elkhart na jihar Indiyana cibiyar wannan fanni, al'amarin bai da wuya, domin ƙasan tirela katako ne kawai, a shafe shi da kwalta ko a lulluɓe shi da kwali mai kwalta, ba tanki, ba wani bututun kirki, in ya jiƙe iska ta busar da shi. Kamfanin Airstream na Wally Byam ya bi wata hanya dabam, ya rufe cikin da fallen alminiyam, abin sha'awa ga ido. Amma fa masu gyaran tsofaffinsu suna da labari, don ruwan da ya zubo daga sama can yake kwanciya shekara da shekaru yana cin ƙarfen shasi a asirce.

Wahala ta ainihi ta zo ne da jin daɗi. Da aka shigar da makewayi da wurin wanka, sai tankuna uku suka sauka ƙasa, na ruwan sha da na ruwan wanki da na ba-haya, kuma tun da yake hunturun ƙasar yana daskarar da ruwa har bututu ya fashe, ya zama wajibi a rufe su. Sai aka shimfiɗa audugar gilashi, aka tare ta da baƙar leda saƙaƙƙiya da muke kira Darco, alhali kuwa ba a taɓa yi wa ɓera shimfiɗar da ta kai wannan ba: ga ɗumi, ga duhu, ga leda wadda haƙorinsa ke ratsawa ba da wata wahala ba. Daga baya fallen roba mai ramuka, wato Coroplast, ya maye gurbinta a yawancin manyan tireloli, aka kuma karkato da zafin murhu zuwa ciki. Sa'an nan a shekarun 1990 ɗakuna masu zamewa waje suka yaɗu, kowane da sandunan ƙarfensa da ke ratsa shasi, kowace sanda da raminta. Ɓera kuwa rami mai faɗin milimita 6 ya ishe shi.

Hukuma ba ta tsananta mana ba. Dokar tarayya ta 1976 da ta shar'anta wa gidajen da ake ƙerawa a masana'anta su tsare shigar ɓeraye ba ta hau kan tirelar hutu ba. Abin da ya farkar da jama'a shi ne annobar hantabairos ta 1993 a kudu maso yammacin ƙasar, wadda aka tabbatar daga kashi da fitsarin ɓeran daji take. Tun daga nan mai tirela ya daina ɗaukar sheƙar ɓera abin dariya.

A nan ne ma'abota sana'a suka yi saɓani, har ka ce mazhabobi biyu. Wasu suka ce a toshe ko'ina da kumfar feshi, kada a bar ko kafar allura. Wasu suka ce a bar ciki ya sha iska. Ni dai ina ganin kowane ɓangare ya riƙe rabin hujja ne. Kumfa ita kaɗai ɓera yana gaigaye ta, sai an fara cusa ragar jan ƙarfe a ramin, ba soson ƙarfe ba, domin shi yana tsatsa ya narke. Kuma falle da aka liƙe ruf, in bututu ya tsiyaye a ciki, yakan tara ruwa har ya yi tumbi, audugar ta sha ta ƙoshi, daɓen katako ya ruɓe daga ƙasa mai shi bai sani ba sai ranar da ƙafarsa ta nutse. Saboda haka muke huda 'yan ƙananan kafofi a inda fallen ya fi sauka, mu rufe su da raga mai ƙananan idanu, mu ɗaure gefuna da ƙusoshi masu murɗi da faffaɗan kai yadda za a iya kwancewa a duba. Ɗakin tulun gas kuwa ba a toshe ƙasansa ko kaɗan, domin iskar gas ta fi iskar shaƙa nauyi, in ta tsere ƙasa take nema.