Rinin ɗakin gwaji: daga masaƙa zuwa gano sanƙarau

Rinin ɗakin gwaji sinadarai ne masu launi da ake ɗiga wa jini, majina ko ruwan laka domin ƙwayoyin cuta su fito fili a madubin likita. Yawancin ƙwayoyin ba su da launi, shi ya sa sai an rina su ido ke iya bambance su.

Da yawa daga cikin waɗannan rini masana'antar tufafi ce ta haife su. A 1856 William Perkin na Ingila yana ƙoƙarin haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro, sai ya dace da rinin shunayya, wanda ya buɗe kasuwar rinin sinadari. A 1876 Heinrich Caro na kamfanin BASF a Jamus ya haɗa methylene blue domin rina yadi. Kamfanin ne kuma ya fara sayar da shunin sinadari a 1897, wanda daga baya ya rage kasuwar baba da marinar gargajiya irin ta Ƙofar Mata a Kano.

Likitoci sun ari rinin masaƙa suka mai da shi kayan aiki. Rinin Gram, na Hans Christian Gram a 1884, yana raba ƙwayoyin bakteriya gida biyu: masu riƙe shunayya da masu komawa ja. Rinin Ziehl-Neelsen yana nuna ƙwayar tarin fuka ja a cikin majina. Rinin Giemsa na 1904 kuwa shi ake amfani da shi wajen ganin ƙwayar maleriya a jini.

Mutanen arewacin Zamfara sun san muhimmancin wannan. Annobar sanƙarau da ta fara ɓulla a ƙaramar hukumar Zurmi a ƙarshen 2016 ta bazu zuwa jihohi da dama, inda aka samu mutum fiye da 14,000 da ake zargin sun kamu, fiye da 1,100 suka rasu. A ruwan laka, rinin Gram kan nuna ƙwayar sanƙarau bibbiyu masu launin ja cikin mintuna, ko da yake tantance nau'inta sai da wani gwajin.

Rinin ba shi da tsada, amma yana buƙatar madubi mai aiki, ruwa mai tsafta da ƙwararren ma'aikaci. Inda babu su, mazauna garuruwa irin su Dauran sai dai a yi musu magani bisa zato, ko a jira sakamako daga nesa.