Kududdufan Birnin Zariya da Tsadar Ruwa

Idan ka taɓa shiga birnin Zariya ta Ƙofar Doka, ka lura da kududdufai kuwa? Ramuka ne da mutanen da suka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini. In damina ta cika su, sai ruwan ya riƙa tsiyaya a hankali zuwa rijiyoyin unguwa har cikin rani.

Me ya sa wannan ke da muhimmanci? Ruwan saman Zariya, kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan duk yana sauka ne tsakanin Mayu da Oktoba. Ƙarƙashin garin kuma dutse ne, ba ya riƙe ruwa sosai.

A 1939 aka fara jawo ruwan famfo daga kogin Galma. Farin 1973 da na 1984 suka nuna cewa kogin ma damina yake jira. A 2017 aka buɗe sabuwar matata mai iya tace lita miliyan 150 kullum.

Yau an cike kududdufai da yawa, an yi gini a kai. Shi ya sa duk shekarar da damina ta makara, rijiya kan ƙafe da wuri, magidanci ya rage kuɗin cefane ya biya 'yan garuwa.