Hakeem Olajuwon: Golan Legas Da Ya Fara Ƙwallon Kwando A Sakkwato



Yau ƙwallon kwando za mu taɓa, wasan da a nan Darki ko a gidan kallo ba a cika kunna shi ba, don in ba Firimiya ko Laliga ba ce mai gidan ba zai ƙona man janaretonsa a banza ba. Amma wanda za mu ba da tarihinsa ɗan ƙasar nan ne, Musulmi ne, kuma gasar farko da ya buga a wannan wasa a Sakkwato aka yi ta.

Bari mu fara da abin da ya fito da sunansa. Kwandon wani zoben ƙarfe ne mai raga, an maƙala shi a jikin allo, ƙafa 10 daga ƙasa, wato mita 3.05. Yawancin maki jefa ƙwallon ake yi daga nesa a same su. To amma akwai wanda zai daka tsalle har hannunsa ya wuce bakin zoben, ya danƙara ƙwallon ciki da ƙarfin tsiya. Wannan shi masu wasan ke kira "dank". Maki 2 ne kacal, daidai da na wanda ya lallaɓa ya jefa a hankali, sai dai ba a cika kuskure shi ba, kuma yana kashe wa abokin karawa gwiwa, 'yan kallo kuma su yi ta ihu. A 1967 hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ta haramta shi ƙwata-ƙwata, kuma mutane da yawa sun ɗauka don a taka wa wani dogon ɗalibi birki ne, Lew Alcindor, wanda daga baya ya musulunta ya zama Kareem Abdul-Jabbar. Sai a 1976 aka ɗage haramcin.

An haifi Hakeem Olajuwon a Legas ranar 21 ga Janairu, 1963. Iyayensa Yarabawa ne, sana'arsu sayar da siminti. Ya taso yana tsaron gida a ƙwallon ƙafa kamar kowane yaron unguwa, sannan yana buga ƙwallon hannu a makarantarsu, Kwalejin Horon Malamai ta Musulmi da ke Legas. A 1978 aka shirya bikin wasanni na kwalejojin horon malamai na ƙasa a Sakkwato. Shi da tawagar ƙwallon hannu aka san shi, sai wani ɗalibi ɗan uwansa ya roƙi koci da a bar dogon yaron nan ya shiga cikin 'yan ƙwallon kwando. Aka bar shi. Yana da shekara 15 a lokacin. A duba da kyau, ba wata makarantar 'ya'yan masu kuɗi ba ce ta gano shi, irin kwalejin nan ce da iyayenmu ke ba mu labarin tasu ta Wudil, lokacin da makarantar gwamnati ke da fili da ƙwallo da malamin wasanni, har da motar kai yara gasa wata jiha.

Ana ba da labarin cewa ranar da wani koci ya fara nuna masa yadda ake dank, kujera kocin ya taka don ya kai ga zoben. Da aka ce Hakeem ya gwada, sai shi ma ya nufi kujerar. Aka ce a'a, kai da ƙafarka za ka tashi. Ya yi ta yi, abu ya gagara.

Shekara biyu bayan Sakkwato, a 1980, wani koci Ba'amurke da ya gan shi yana wasa ya haɗa shi da Jami'ar Houston a jihar Texas. Ba su ɗauki zuwansa da muhimmanci ba. Da ya sauka a filin jirgi babu wanda ya zo tarbarsa, da ya buga waya aka ce ya hau tasi ya taho. Kocin jami'ar, Guy Lewis, sai da ya ga abin da ya fito daga motar sannan ya san an aiko masa da kaya. A takarda an rubuta tsawonsa ƙafa 7. Shekarar farko ko wasa ɗaya bai buga ba, ta biyu kuma daga benci yake shigowa. Abin da ya sauya shi hutun bazara ne. A wani ɗakin wasa na unguwa mai suna Fonde, ya riƙa karawa da Moses Malone, gwarzon ƙungiyar Houston Rockets ta ƙwararru, wanda ba ya raga wa yaro. Malone ya ture shi, ya bangaje shi, ya sha shi son ransa. Da makaranta ta dawo, wani Hakeem ɗin daban aka gani.

Nan ne zamanin danƙara ya kankama. Guy Lewis ya yi imani cewa babu jifan da ya fi dank tabbas, saboda haka ya sakar wa yaransa mara. Ga Hakeem a ƙarƙashin kwando, ga Clyde Drexler mai tashi kamar shirwa. A farkon 1983 wani ɗan jaridar Houston Post, Thomas Bonk, ya laƙaba musu suna Phi Slama Jama, yana kwaikwayon sunayen ƙungiyoyin ɗaliban Amurka masu haruffan Girkanci, ma'ana dai ƙungiyar 'yan danƙara. Shi kuma Hakeem aka sa masa "The Dream", wato Mafarki, don kocin ya ce yadda yake danƙara ƙwallo ba wahala sai ka ce a mafarki. Yaron da ya nemi kujera ke nan.

Sun ci wasa 26 a jere kafin wasan ƙarshe na gasar jami'o'i ta 1983. A na kusa da ƙarshe sun lallasa Louisville 94 da 81, a wasan da har yau ake tunawa saboda ruwan dank da aka yi. Kowa ya gama ba su kofi. Ranar 4 ga Afrilu a garin Albuquerque suka haɗu da Jami'ar Jihar North Carolina, wadda ba a ɗauke ta a bakin komai ba. Kocinta Jim Valvano ya san in aka yi tsere da tsalle sun kaɗe, sai ya sanyaya wasan, ya cushe ƙarƙashin kwando. Ana saura 'yan daƙiƙoƙi maki ya tsaya 52 da 52. Dereck Whittenburg ya wurga ƙwallo daga can nesa, ba ta ma kai zoben ba. Hakeem kuwa ya ɗan matso daga wurin da ya saba tsayawa. Lorenzo Charles ya cafe ta a sama ya danƙara, lokaci ya cika. 54 da 52. Ƙungiyar da duk ƙasar ta sani da dank, da dank aka binne ta. Hakeem ya ci maki 20 a daren, aka ba shi kyautar gwarzon gasar duk da ba su ɗauki kofin ba, amma wannan ba ta share hawaye.

A 1984 suka sake zuwa wasan ƙarshe, Georgetown ta Patrick Ewing ta doke su 84 da 75. A riƙe sunan Ewing, za mu dawo kansa.

A watan Yunin wannan shekara, wurin zaɓen sababbin 'yan wasa na gasar NBA, Houston Rockets ce ke da zaɓin farko, ta ɗauki Hakeem. Portland ta ɗauki Sam Bowie. Na uku shi ne Michael Jordan, ya tafi Chicago. Har gobe ana yi wa Portland dariya a kan wannan zaɓi, amma ba ka cika jin wanda ya ce Houston ta yi wauta ba. An haɗa shi da Ralph Sampson mai ƙafa 7 da inci 4, kuma a 1986 suka fitar da Lakers ta su Magic Johnson da Kareem, suka kai wasan ƙarshe, Boston ta ci su 4 da 2.

Daga nan sai shekaru suka yi ta tafiya ba kofi. Hakeem na wancan lokacin mai zafin zuciya ne. Ko a wasan da suka fitar da Lakers, korarsa aka yi daga fili saboda faɗa. Sampson ya lalace da ciwon gwiwa aka sayar da shi. Ƙididdiga dai tana ta kyau: a watan Maris na 1990, a wasa ɗaya da Milwaukee, ya ci maki 18, ya cafe ƙwallon da ta dawo daga kwando sau 16, ya miƙa aka ci sau 10, ya kaɗe jifan abokan hamayya sau 11, abin da mutum huɗu kacal suka taɓa yi a tarihin NBA. Amma ƙungiyar ba ta zuwa ko'ina. A farkon 1991 gwiwar hannun Bill Cartwright ta fasa masa ƙashin gefen ido. A 1992 shugabannin ƙungiyar suka zarge shi da ƙaryar ciwo don neman ƙarin kuɗi, shi kuma ya ce a sayar da shi. Saura ƙiris a rabu.

A tsakanin nan ne abubuwa biyu suka faru da shi. Na farko, ya koma ga addininsa da gaske. A 1991 ya gyara rubutun sunansa daga Akeem, yadda Amurkawa suka saba rubutawa, zuwa Hakeem, ya riƙe salla da karatun Alƙur'ani, kuma waɗanda suka yi wasa da shi sun shaida cewa faɗan nan ya ragu. Na biyu, ya daina dogaro da tashi sama, ya koma kan ƙafarsa. A dokar wasan, in ka tsaya da ƙwallo a hannu, dole ƙafa ɗaya ta kafe a wuri guda, ɗayar ce kawai ke yawo. Hakeem ya mai da wannan takura ta zama makami. Zai karɓi ƙwallo ya ba kwando baya, ya kaɗa kafaɗa hagu, ya juya dama, ya ɗaga kamar zai jefa. Mai gadinsa ya tashi sama, shi kuwa yana nan ƙasa, sai ya sulale ta ƙarƙashin hammatarsa ya ajiye ƙwallon a hankali. Ana kiran salon "Dream Shake". Shi da bakinsa ya sha danganta wannan ƙafa da ƙwallon ƙafar da ya buga a Legas. A ganina nan ne ainihin tarihinsa yake, ba a Phi Slama Jama ba, ko da yake hotunan can sun fi daɗin kallo.

A kakar 1993 zuwa 1994, ƙarƙashin koci Rudy Tomjanovich, aka zaɓe shi gwarzon NBA, aka zaɓe shi gwarzon masu tsaron baya, sannan ya zama gwarzon wasan ƙarshe. Babu wanda ya taɓa haɗa ukun nan a shekara ɗaya kafin shi. Kuma da wa aka yi wasan ƙarshen? Da New York Knicks ta Patrick Ewing. New York na gaba 3 da 2, a wasa na shida John Starks ya tashi zai jefa ƙwallon da za ta ba su kofi, Hakeem ya miƙa hannu ya taɓe ta da yatsu. A wannan karon yana inda ya kamata ya tsaya. Suka ci na bakwai, bashin shekara 10 ya fita.

Shekara ta gaba ta fi ban mamaki. Ramadan ya faɗo a watan Fabrairun 1995, ya yi azuminsa yana wasa, kuma shi aka zaɓa gwarzon watan. A watan ne Clyde Drexler ya baro Portland ya dawo wurin tsohon abokinsa. Houston ta shiga wasannin kofi a matsayi na shida a yankinta, ta fitar da Utah, ta fitar da Phoenix, sai San Antonio ta David Robinson, wanda aka miƙa wa kyautar gwarzon shekara a gaban idon Hakeem. Abin da ya yi wa Robinson a wasanni shidan nan, duk mai data ya nema a YouTube ya gani, don baki ba zai iya ba. Ana ta juya bawan Allah kamar waina a tanda. A wasan ƙarshe suka haɗu da Orlando ta Shaquille O'Neal, matashin da dank ɗinsa ke karya ƙarfen allo. Houston ta share su 4 da nema.

Masu son Jordan sukan ce ai kofunan nan biyu an same su ne don gwaninsu ya tafi hutu. Na 1994 a yarda, ba ya nan. Amma ya dawo a watan Maris na 1995, kuma Orlandon da ta fitar da Chicago tasa ita ce Hakeem ya share.

Akwai abin da ke yi wa 'yan Najeriya ciwo a labarin. A 1993 ya karɓi takardar zama ɗan Amurka, kuma a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, wadda su Kanu suka ciyo mana zinare a ƙwallon ƙafa, shi ma ya ci zinare, amma da rigar Amurka. Ni dai ba na ganin laifinsa sosai. Nan aka gano shi, can aka raine shi. Kuma abin da ya yi ya dawo gida ta wata hanya: a Zariya wani yaro ya taso yana kallon Hakeem a matsayin gwaninsa, yana koyon wasan a hannun Oliver Johnson, kocin nan Ba'amurke da ya daɗe a Jami'ar Ahmadu Bello. Yaron shi ne Masai Ujiri, wanda yake shugaban Toronto Raptors lokacin da ta ɗauki kofin NBA a 2019.

A waccan ƙungiya ta Toronto Hakeem ya buga kakarsa ta ƙarshe, ya yi ritaya a 2002 da maki 26,946, ya kuma kaɗe jifa 3,830, adadin da har yau ba a kamo ba. Tun yana wasa ya ƙi sa sunansa a takalmi mai tsada, ya fitar da nasa da kamfanin Spalding a kan ƙasa da dala 35 don talaka ya iya saya wa ɗansa. Da ya shiga harkar filaye da gidaje a Houston, da tsabar kuɗinsa yake saye, don gudun riba. A 2008 da Rockets za ta karrama shi a ƙofar filinta, ba a sassaƙa surarsa ba saboda addininsa, sai aka ƙera rigarsa mai lamba 34. A shekarar ce kuma aka shigar da shi zauren gwarazan wasan.

Bayan ritaya manyan taurari suka riƙa yin tattaki zuwa gidansa a Texas neman darasi. Kobe Bryant ya je a 2009, LeBron James ya je a 2011 bayan ya sha kashi a wasan ƙarshe. Dwight Howard, wanda ya lashe gasar dank ta NBA a 2008 sanye da mayafin Superman, shi ma ya je, kuma aikin ƙafa aka koya masa.